Ranar da Na Goya Baba Tanko

Safiyar ba ta zo da wata alama ba. Bazara ce, zafi tun kafin rana ta fito. Na yi sallar asuba a masallacin ƙauyenmu, Kwarin Kanya, can bayan Malikanci. Na dawo gida na tarar Gwaggo Mairo ta riga ta hura wuta a ƙarƙashin tukunyar wankan jego. Gwaggon matata ce, zaman jego ya kawo ta. Matata Asabe kwananta shida da haihuwa. Namiji ta haifa. Haihuwar ta zo da gardama, jini ya zuba da yawa, har ranar ba ta iya miƙewa sai an kama ta. Washegari ne suna.

Na tsaya bakin ƙofar ɗaki na gaishe ta. Ta ce jiki da sauƙi, amma muryar ba ta mai sauƙi ba ce. 'Yarmu Uwani, mai shekara uku, tana zaune kusa da jaririn da mafici a hannu, wai ita ce mai korar ƙuda. Maƙwabcina Sule ya leƙo ta kan danga ya yi mana barka da asuba. Ya ce gobe shi zai feɗe ragon, kada in nemi mahauci. Gwaggo ta zuba koko a ƙwarya, na ɗauka na nufi yammacin gari. Kokon Baba Tanko ne.

Baba Tanko tsohon mai haƙar rijiya ne. Tun ina yaro rijiya ta rufta masa, ta bar masa rai ta ɗauke ƙafafu. Ba ɗa, ba mata, ba ɗan'uwa. Baki kuwa sai wanda ya ji. Ranar ma da ya kurɓi kokon cewa ya yi ya tsinke, wai matata na ƙyashin gero. Na ce masa matata na kwance. Ya ce ai ba a kanta aka fara haihuwa ba. Na share masa ɗaki, na zubar da kaskon fitsarinsa, na fito ina cizon leɓe. Shekara biyu ke nan ina yin haka kullum, domin shi ne amanata.

Bari in faɗi yadda ya zama amanata, don duk abin da ya biyo baya daga nan ya taso.

Shekarar da aka ba mu mulkin kai gobara ta tashi a ƙauyen. Kowa ya ruga gidansa ya fid da nasa. Da wuta ta mutu aka tarar da tsofaffi biyu sun ƙone a ɗakunansu, ba wanda ya tuna da su. Abin ya tsaya wa Malam Isiyaku tela a rai. Siririn mutum ne mai sanyin magana, ya zauna Zariya ya ga yadda ake ƙungiya. Ya tara mu gindin kanyar tsakiyar gari bayan la'asar, a nan muka kafa tamu. Kowane magidanci zai ba da damin dawa ɗaya da kaka. Muka yi gayya muka gina babban rumbu. In bazara ta yi nisa sai a buɗe shi, a auna wa tsofaffi da marasa lafiya da matan da mazansu suka rasu. A jikin dangar gidana ta gabas aka gina rumbun, don a nan fili yake.

Sannan aka kafa dokar amana. Duk wanda ba ya iya gudu da ƙafarsa, kuma ba shi da mai ɗaukarsa, an ba shi mutum guda cikin majiya ƙarfi. Su goma sha ɗaya ne, mu ma goma sha ɗaya. Aka rataye guntun ƙarfe a jikin kanya. In an buga ƙarfen nan, mai amana ba zai shiga gidansa ba. Wurin amanarsa zai nufa kai tsaye, ya ɗauko shi ya kai bakin fadama. Shi kuma nasa gidan an damƙa shi ga wani babban gida mai maza da yawa. Nawa gidan Sule aka ba. Danga ɗaya ce tsakaninmu ta yamma, su huɗu ne maza 'yan ɗaki ɗaya, kuma ni da Sule tare aka yi mana kaciya. Muka yi musafaha a gaban liman, aka shafa fatiha.

Da na gaya wa Asabe, sai ta tambaye ni in ranar ta zo tana kwance fa. Na ce mata maza huɗu sun fi ɗaya. Har da yi mata dariya.

An gwada dokar sau ɗaya, da wuta ta kama gidan mahauta. Ko akuya ba a rasa ba. Daga nan kanmu ya kumbura. Ƙauyuka biyar suka zo suka koya a wurinmu. Ni kuwa na fi kowa zaƙewa. Ni ne mai yi wa mutane gori in sun makara wajen gayya. Ina son a ce Mamman ba ya wasa da amana, kuma ana faɗa, ina jin daɗi.

Da zaɓe ya matso sai rumbu ya yi farin jini. Mutanen wata jam'iyya suka zo da mota, suka sauke kwanon rufi da buhunan gishiri, wai gudummawa ce ga bayin Allah. Sharaɗinsu ɗaya ne: a kafa tutarsu a kan rumbu, ranar rabo kuma a ce su suka bayar. Malam Isiyaku ya yi musu godiya har ƙasa, ya sa aka mayar musu da kayansu cikin mota. Ya ce mu ba ma tambayar mai yunwa akwatin da zai jefa ƙuri'arsa. Da ɗaya jam'iyyar ta ji labari, sai mutanenta suka hau duro a kasuwar Ikara suna shelar cewa rumbun Kwarin Kanya nasu ne, shi ya sa aka kori abokan gabarsu. Ƙarya ce tsagwaronta, ko ƙwayar dawa ba su taɓa ba mu ba. Amma waɗancan sun ji, sun kuma yarda. Kada a tambaye ni sunayen jam'iyyun. Duka biyun sun mutu tuntuni, Allah ya ƙara nauyin ƙasa.

Da hantsi na je gidan liman aron tabarmin suna. Na naɗe guda shida na aza a ka. Ina tsakiyar gari na ji ƙugin mota daga gabas. Mota ba ta shigo mana sai lokacin auduga. Na tsaya. Ƙugin biyu ne, ba ɗaya ba. Aka danna hon sau uku. Sai ihu, irin na maza da yawa da suka sha wani abu. Sai ƙarar gwangwanaye na bugun juna, daga baya na san kananzir ne a ciki. Sai wata murya mai kauri.

"Rumbun! Ku nufi rumbun!"

Aka buga ƙarfe. Har yau ban san wanda ya buga ba. Sau bakwai na ƙirga, sai bugun ya yanke.

Na yar da tabarmi na sheƙa. A gindin kanya hanya ta rabu biyu. Dama ƙofar gidana ce, taku ashirin. Hagu lungun yamma ne, wajen Baba Tanko. Na hango zaurena a buɗe, hayaƙin tukunyar jego na tashi a hankali. Na hango Sule tsaye bakin nasu zauren, ƙannensa biyu a bayansa.

"Sule! Asabe da yara!"

Ya ɗaga hannu. "Je ka! Muna nan!"

Na bi hagu.

Zan faɗi gaskiya a nan, domin na daɗe ina ɓoye ta. Na ji abin da muryar nan ta ce. Na san inda rumbu yake. Na san Asabe ba ta iya tashi. Na kuma san don gobara aka rataye ƙarfen nan, ba don mutane masu gora da adda ba. Duk na sani. Amma ƙafafuna sun saba, kuma a cikin raina akwai wani abu mai wari da ke cewa yau za a ga wanda ya cika mai amana. Da wannan na wuce ƙofar gidana.

Na tarar da Baba Tanko yana taunar taba. Ya ce ba inda za shi. Ya ce wa zai ɓata kananzir a kan gurgu? Na ce doka ce. Ya zagi dokar, ya zagi wanda ya kafa ta, ya haɗa da ubana. Na ciccibe shi da ƙarfi na aza a baya, na ɗaure da gwadonsa kamar yadda mata ke goyo. Ƙafafunsa sun shanye kamar kara, amma daga ƙugu zuwa sama har lokacin mai haƙar rijiya ne. Nauyinsa ya kusa durƙusar da ni. Yana dukan ƙeyata yana cewa in sauke shi.

Da muka fito lungu hayaƙi ya riga ya tashi daga tsakiyar gari, baƙi ƙirin. Dawa in tana ƙonewa ƙara take yi, fat-fat-fat, kamar ana gugguru. Ƙarar nan ta rufe komai, sai kukan jakuna. Ta tsakanin danga biyu na hango gindin kanya. Sun kama Malam Isiyaku. Hularsa ta faɗi. Mutum uku ne a kansa da gora, na huɗu na riƙe da ƙafarsa yana ja. Bai yi ihu ba, ko kuwa ya yi ban ji ba. Wani gajere sanye da rigar sanyi cikin zafin nan yana tsaye a kan mota, yana nuni da sanda.

"A ƙona! Duk jerin nan, a ƙona!"

Jerin da ya nuna namu ne. Na ce a raina Sule ya riga ya fid da su. Maza huɗu, mace ɗaya da yara biyu, ai aikin numfashi goma ne. Na juya na gangara fadama ta bayan gari.

Rana ta kusa tsaka muka isa. Wurin taron shi ne inda ake matsar rake da doki a dafa mazarƙwaila. Rabin gari na wurin. Ba mai magana da ƙarfi, har yara sun yi tsit. Na kwance Baba Tanko na jingina shi da tarin ɓawon rake. Na bi mata ɗaya bayan ɗaya ina duba fuska. Babu Asabe. Babu Gwaggo. Babu kowa daga gidan Sule. Wata mata ta ce ta ga mutanen gidan sun bi hanyar da ke fita titin Maƙarfi, da mata da yara da kaya. Na tambaye ta ko ta ga an ɗauko mai jego. Ta ce ta dai ga maza biyu ɗauke da wani abu dogo, an rufe shi da zane. Wallahi sai da na yi hamdala.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Na ce bari in koma in gani da idona. Na kai bakin rake ke nan sai ga mutanen motocin sun gangaro, su kamar goma sha biyar. Sun gama da rumbu, zuciyarsu ba ta huce ba.

"Ga su can! A tare su!"

Suka cinna wa busasshen ganyen rake wuta ta inda iska ke busowa. Jama'a ta watse. Kowa ya suri nasa. Na waiwaya, Baba Tanko na nan inda na jingina shi, yana jan jiki da hannuwa, wuta na nufarsa. Ni na kawo shi wurin. Na koma na sake goya shi.

Muka kutsa cikin rake. Ganyen rake kaifi gare shi, ya yanyanka mini fuska da hannuwa. A bayanmu ana dukan wani. Ina jin saukar gora, ina jin muryarsa yana kiran sunan Allah, har muryar ta koma gurnani. Ban waiwaya ba. Muka ɓulla ta ɗaya gefen muka shiga gonaki. Bazara ba ta bar ko kara a tsaye ba. Fili fetal, daga nesa ake hango mutum. Na yi ta gudu har gudu ya ƙare, na koma sassarfa, na koma jan ƙafa.

Azahar ta same mu a bakin wani ƙauye. Ɗaya ne daga cikin biyar ɗin da suka koyi ƙungiya a wurinmu. Ni da hannuna na taya su yaɓen rumbunsu, na ci tuwonsu. Mu kusan ashirin muka tsaya bakin rijiyarsu. Dattawansu suka fito, ko sallama ba su amsa ba. Sun riga sun cire guga sun ɓoye. Na hango mazansu a kan rumbu suna kwashe dawa da gaggawa suna rarrabawa gidaje, kada a zo a same shi cike.

"Ku wuce! Kada ku ja mana!"

Muka wuce. Wata mai goyo ta roƙi ko kurɓi ɗaya don ɗanta, aka yi kamar ba a ji ba. Ban taɓa jin ƙiyayya irin ta lokacin nan ba. Ta fi wadda nake yi wa masu kananzir.

Takalmina ɗaya ya tsinke, na yar da duka biyun. Ƙasa kamar kaskon tuya. Baba Tanko ya daina zagi, ya koma nishi. Can na ji ɗumi na bin bayana har ƙafa. Fitsari ya yi. Na ci gaba da tafiya. Gwadon ya ci kafaɗuna har jini. Sau biyu na faɗi. A faɗuwa ta biyu na kwanta fuskata a ƙasa, hannuna ya kai kan ƙullin gwadon, na ji kamar in kwance in tashi ni kaɗai. Abin da ya tashe ni shi ne tunanin Asabe na can gaba a kwance, tana tambayar ina nake.

La'asar sakaliya muka fita titi. Akwai wata rumfar awon auduga a wurin, an rufe ta tun da auduga ta ƙare. A nan mutanenmu suka taru. Tun daga nesa na gane jakin Sule. Na sauke Baba Tanko a inuwa, ko gwadon ban gama kwancewa ba, na ruga.

Gidan Sule duka suna nan. Maza huɗu da matansu da 'ya'yansu. Awaki a ɗaure. Keke. Tukwane, buhunan gyaɗa, har da turmi. A gefe kuma ga abu dogo rufe da zane. Na yaye zanen. Gadon ƙarfe ne, wanda Sule ya sayo Zariya bara.

Na dubi Sule. Ya dubi ƙasa. Ya ce wuta ta riga su. Ya ce hayaƙi ya yi yawa ba a ganin ƙofa. Ya ce shi ya ɗauka Gwaggo Mairo ta fid da su. Magana uku ya yi, kowace na ƙaryata 'yar'uwarta. Sai matarsa, wadda ƙawar Asabe ce, ta fashe da kuka ta faɗi abin da ya faru. Sawu huɗu mazan suka yi suna fid da kaya ta bayan gida. A sawu na farko wuta ko dangata ba ta kama ba. A na uku suka ji Uwani ta cikin danga tana kiran Baba Sule, domin haka take ce masa. Ya ce bari a fid da gadon tukuna. A na huɗu rufina ya riga ya kama.

Ban san lokacin da hannuwana suka kai maƙogwaronsa ba. Mutum biyar suka ɓamɓare ni. Na ciji wani, har yau ban san ko wane ne ba. Da na juya zan koma gari suka danne ni, suka ɗaure ni da igiyar jakin Sule, wai motocin ba su tafi ba, kashe ni za a yi. Haka na ga faɗuwar rana, a ɗaure kamar rago, kusa da Baba Tanko. Abin da ya wuce tsakanin magariba da asuba ba na ba da labarinsa.

Da gari ya waye suka kwance ni. Mu shida muka koma. Da muka biyo ta ƙauyen nan mai rijiya, gugar tana nan a rataye, dattawan suka taso suna yi mana jaje, aka miƙo ruwa a ƙwarya. Na sha. Na so in ƙi, ƙishirwa ta fi ƙarfina.

Da hantsi muka shiga Kwarin Kanya, lokacin da ya kamata a ce an gama raɗin suna ana rabon goro. Shiru. Ba zakara, ba ƙarar turmi. Rumbu ya zama tudun baƙar toka, har lokacin cikinsa na ci. Malam Isiyaku na gindin kanya. Wani ya rufa masa ɗaya daga cikin tabarmin da na yar.

Gwaggo Mairo na zaune kusa da inda ƙofar gidana take a da. Kanta a fashe, jinin ya bushe har wuya. Rijiya ta je ƙaro ruwan wanka aka buga ƙarfe. Ta rugo, wani ya sauke mata gora a bakin lungu, ba ta farfaɗo ba sai yamma. Da ta gan ni ba ta yi kuka ba. Tambaya ɗaya ta yi mini.

"Ina ka je?"

Na wuce ta, muka shiga tonon toka.

A zaure muka same su, ba a ɗaki ba. Asabe ta rarrafo. Macen da ko zama ba ta iya yi sai an tallafe ta, ta ja jiki daga gado ta ratsa tsakar gida, jariri a ƙirjinta, Uwani riƙe da bakin zanenta. Rufin zaure ne ya faɗo musu. Saura kamu huɗu su fita. Hannu ɗaya kawai suke bukata.

Babu liman, ya gudu Ikara. Mu muka yi abin da muka iya. Ba mu sami raba jaririn da ƙirjin uwarsa ba, muka bar su tare cikin likkafani ɗaya. Uwani muka haƙa mata nata a gefe. Bayan gari muka sa su, kusa da wata tsamiya. Kafin azahar mun gama.

Daga nan ƙafafuna suka kai ni lungun yamma, ban san dalili ba. Wuta ba ta je can ba. Ko danga ɗaya ba ta taɓa ba. Ɗakin Baba Tanko na tsaye da rufinsa, asabari a sake yadda na bar shi. Ƙwaryar koko na gefen shimfiɗa, kaji sun shiga suna tsattsagar abin da ya bushe a ciki. Garin tabarsa na nan. Gaskiya ya faɗa, ba wanda ya ɓata kananzir a kansa. Da na ƙyale shi, da yini zai yi yana taunar tabarsa yana zagina don ban kawo tuwo da wuri ba. Na zauna a dokin ƙofar na yi ta dariya. Waɗanda muka zo tare suka ɗauka na zautu. Wataƙila ba su yi kuskure ba.

Ban sake kwana a ƙauyen ba. Na tafi Hunkuyi na kama dako a kasuwar hatsi. Cikin masu motocin nan ba wanda aka kama. 'Yan ƙungiyarmu uku ma aka ɗaure, wai su suka tsokano fitina. Baba Tanko kuwa kowa ya ƙi ɗaukarsa. Ni na koma na ɗauko shi a kan jakin aro. Kada a ce tausayi ne. Ba na son ganinsa, shi ma ba ya son ganina. Amma in na yar da shi, to, a kan me na ba da mutum uku? Shekara bakwai ina yi masa wanka ina zubar da kaskonsa. Bai taɓa gode mini ba. Ana gobe zai rasu ya kama hannuna ya daɗe yana kallona.

"Na ce ka sauke ni," in ji shi.

Na ce masa na ji.

Sule ya yi arziki da fataucin gyaɗa. Ya yi tsawon rai. Ya haƙa wa unguwarsu rijiya, ya rufa wa masallaci kwano, ana kiransa mai taimakon bayin Allah. Duk kaka yakan aiko mini da buhun dawa, duk kaka ina mayar masa da abinsa. Da ya rasu an ce jana'izarsa ta cika maƙil. Ban je ba.

Bayan shekara biyu da abin, waɗanda suka rage suka farfaɗo da ƙungiya. Suka aiko mini da babbar riga, wai tukuicin riƙon amana. A tarurrukansu da ni ake misali. Har yanzu ma'aikatan ƙungiyoyin nan na zamani, masu zuwa da mota da takardu, sukan neme ni. An ce musu akwai tsohon da ya goya gurgu yini guda. Sukan so in faɗi abin da zai ƙara wa jama'a ƙarfin gwiwa. Nakan fara musu daga farko. Da na wuce rumfar auduga sai su fara duban agogo.

A taron farko da ƙungiyar ta yi bayan ta farfaɗo, an bi amanar nan goma sha ɗaya, ɗaya bayan ɗaya. Duka sun tsira ranar. Aka tambayi masu riƙonsu yadda suka yi. Goma suka amsa, kai a sunkuye, cewa gidajensu suka fara shiga, suka fid da iyalansu, sannan suka je wajen amana. Lokaci ya ishe su yin duka biyun. Su aka yi wa faɗa a taron. Ni aka yaba.

Kwarin Kanya babu shi yanzu, ya zama gonar wani. Duk shekara kafin ruwan farko nakan je. Mai gonar mutumin kirki ne, yakan kewaye gindin tsamiyar da garma, ba ya taɓa wurin. In 'ya'yansa sun tambaya yakan ce musu kabarin wasu mutum biyu ne na da. Ban taɓa gyara masa ba. Kabarin biyu ne. Mutanen uku ne.